Tab ƙarama mai shiga aljihu, za ta yi wa mai yawon kasuwannin ƙauye?

Sani Mai Riɗi:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an wuni lafiya, ya sanyi. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar waya. Ni ina wani ƙauye ne a yankin Gumel, sana'ata sayen riɗi da zoɓo nake wa maigidana da ke Dawanau, shi yake turo kuɗi ni kuma in bi kasuwanni in tara masa kaya, ranar Alhamis ina Maigatari, Lahadi in leƙa Gujungu, sauran ranaku kuma ƙauyuka nake bi a mashin gida gida. To duk harkar nan yanzu a waya take tafiya, in ɗauki hoton riɗi in tura masa ta WhatsApp ya ga haskensa ya ga ko da ƙasa a ciki, ya faɗa min inda zan tsaya a farashi, in an daidaita in yi wa manomi tiransifa, don tun wahalar takardun kuɗin nan ta farkon 2023 har dattawan da a da ba sa yarda da komai sai tsaba yanzu da yawansu suna karɓa ta akawun ɗin 'ya'yansu.

Wayata kuma ta gaji wlh, gilashin ya tsage, batir ba ya kai ni azahar. Sannan lissafi a littafi nake yi, satin da ya wuce littafin ya zame daga aljihuna a hanya ban sani ba sai da na isa gida, buhu talatin da wani abu da sunayen masu su da abin da na biya da abin da ya rage duk a ciki, kwana biyu na yi ina bin mutane ina tambayarsu nawa na ba ka nawa ya saura, Allah ya taimake ni mutanen kirki ne ba wanda ya ƙara ko sisi amma na ji kunya sosai kuma hankalina ya tashi, don kuɗin ba nawa ba ne amana ce.

To a Maigatari na ga wani yaro ma'aikacin gona da wata tab 'yar madaidaiciya, ta fi waya girma amma ba ta kai waɗannan manyan ba, yana rubuta sunayen manoma a layi layi kamar a littafin rajista, da ya gama ya zura ta a aljihun gefe na kaftaninsa ya hau mashin. Tun ranar abin yake raina. Ga shi ina son karatun Alƙur'ani da dare kuma rubutun waya ya fara min ƙanana. Abin da na tara dubu 150 ne. Tambayata, ana sa mata layi kamar waya? Batirinta yana wuni? Za ta kama sabis a ƙauye inda ita kanta waya sai an hau tudu? Kuma in sayi sabuwa ko ta hannu? Nagode Allah ya saka da alheri.

Habu Mai Gyara:

Wa alaikumussalam Malam Sani. Ni gyaran waya nake a Kano, ɗan wani ƙauye ne ni ma ta wajen Bichi don haka na san irin sabis ɗin da kake magana. Bari in fara da abin da ya fi kama mutane, tab kala biyu ce kuma a ido ba ka bambance su, akwai mai WiFi kaɗai akwai mai layi. Kwali ɗaya fuska ɗaya, amma mai WiFi kaɗai ba ta da ramin sim sam, ramin da za ka gani na memori ne. Misali Samsung Galaxy Tab A9 mai inci 8.7, in lambarta ta ƙare da X110 ta WiFi ce, X115 ce mai layi, haka wadda ta gabace ta A7 Lite, T220 WiFi, T225 mai layi. Kai da aikinka tiransifa ne in ka ɗauki mai WiFi ka yi asara, ba alat da zai shigo maka, ba lambar sirrin nan da banki ke turowa ta tes, ba ka iya danna lambar banki ka tura kuɗi lokacin da data ta ƙi. Don haka kafin ka miƙa kuɗi ka ciro layinka ka sa a gaban mai shago, ka kira wani, ka danna *310# ka ga ta nuna maka kuɗinka, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar, ta fito kuma ta yi daidai da ta jikin kwali. Mai shagon da ya hana ka gwaji ka bar masa kayansa kawai.

Maganar sabis kuma, girman tab ba ya ƙara mata kamawa, kar wani ya ruɗe ka da cewa wai babba ce eriyarta babba. Abin da ke aiki shi ne irin zangon da take ji. A ƙauye inda ƙarfen sabis yake nesa, zangon sabis na ƙasa irin su 700 da 800 MHz su ne ke tafiya da nisa kuma suke ratsa katanga, waɗanda muke kira band 28 da band 20, su kuma na sama irin 1800 da 2600 sun fi gudu amma a kusa. Da yawan kayan hannu da aka yi don kasuwar Amurka ba su da waɗannan na ƙasan, wasu ma a kulle suke da layin can, sai ka ga a cikin Kano tana 4G ras, kana wuce Gezawa ta koma E, wato 2G mai tafiyar hawainiya, tana juyi. Shi ya sa in ta hannu za ka saya ka nemi wadda aka yi don Afirka ko Turai.

Batir kuwa gaskiya kar ka sa rai da yawa. Ita A9 ɗin 5100 mAh ne ƙarfin batirinta, wayoyin yanzu ma da yawa 5000 ne, kuma gilashinta ya fi girma ya fi shan wuta musamman a rana da dole ka ƙure haske. Zata wuni in ba bidiyo kake kallo ba, amma ka haɗa da fawa bank. Kuma 20000 da aka rubuta a jikin fawa bank ba duka ke shiga ba, wajen kashi biyu cikin uku ne, wato cika biyu da ɗan wani abu zai maka.

Maman Ilham:

Slm. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a ƙauyen Ringim, shekara biyu kenan da tab muke shigar da sunayen yara da mata masu awo, to bari in faɗa maka abin da na gani da idona. Wajen rubutu da lissafi kam ba haɗi, layi goma sha biyar kana ganinsu lokaci guda ba sai kana ja sama ja ƙasa ba, kuma yatsa ba ya danna harafin kusa. Karatun Alƙur'ani ma shafi guda yake fitowa kamar mus'hafi, surukata da idonta ya yi rauni da ita take tilawa bayan isha'i in na dawo da ita gida.

Amma ƙanina akwai abu biyu. Na farko zafi. Lokacin bazara mun fita riga-kafi wata ruga, na sa ta a jaka a bayan mashin rana na dukanta, da muka isa na ciro ta kamar an ɗauko daga murhu, ta rubuto wai sai ta huce ta ƙi buɗe komai, mata sun yi layi da yara a hannu ni kuma ina tsaye ina mata fifita da mayafi a gindin bishiya, sai a takarda muka rubuta ranar na kwana ina kwafa. Ta abokiyar aikina kuwa batirin ne ya kumbura har ya ɗaga gilashin, don tana barin ta a caji wajen mai janareto tun safe har dare cikin rumfar kwano. Na biyu kira. Kai da kake ciniki a tsakiyar kasuwa, ga hayaniya ga masu sa hannu a aljihu, ka ɗaga abu kamar faranti ka kara a kunne hannu ɗaya kuma yana riƙe da buhu, ba zai maka daɗi ba. Ni dai 'yar ƙaramar waya mai tocila nake riƙewa don kira, caji ɗaya ta yi kwanaki, tab kuma tana jaka sai aiki ya taso.

Kuma ka duba kyamara tunda hoton riɗi kake turawa, yawancin tab kyamararsu ba ta kai ta waya ba kuma da yawa ba su da fitila a baya.

Malam Garba Tsohon Hedimasta:

Sani yarona sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa nema albarka. Maganarka ta tuna min baya. Wannan abu da kuke gani sabo ai ya daɗe, kamfanin Nokia ya fitar da wata tun 2005 ana ce mata Nokia 770, sunanta ma kenan tab ɗin intanet, gilashinta inci huɗu da ɗan kai, da ɗan tsinke ake taɓa ta. A 2007 suka kawo N800 sannan N810 mai madannai da ake zamewa daga ƙasa. Wani ɗalibina da ya je karatu waje ya kawo min N810 tsaraba, na yi murna ƙwarai, amma ba ta da wurin layi, sai WiFi ko ka haɗa ta da waya ta Bluetooth, a garinmu kuwa lokacin ina WiFi, kiran waya ma sai an je bakin titi. Haka ta zauna a akwati, sai in na shiga Kano nake ɗan more ta. Abin kirki ne amma an yi shi ne don garuruwan da intanet ke ko'ina, tasha da makaranta da wurin shan shayi. Shi ya sa maganar Habu ta layi ka riƙe ta da kyau.

Sai dai ni ra'ayina ya ɗan bambanta. Lokacin da Samsung suka fitar da tab mai inci 7 a 2010 wayoyin hannu ƙanana ne, don haka bambancin a fili yake. Yanzu kuwa wayar da jikana ke riƙewa inci shida da rabi ce har da ɗoriya. To in dubu 150 ce da kai, me zai hana ka sayi waya mai faɗi guda ɗaya mai layi biyu, ta shiga aljihun gaba, ka huta da ɗaukar kaya biyu da cajin kaya biyu? Mai yawo a mashin kayansa kaɗan ake so. Kuma littafi kar ka yar da shi, ka sayi wani ka riƙa kwafa da dare.

Habu Mai Gyara:

Baba Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce ta wajen kaya biyu, sai dai a ɗan duba wani abu. Incin nan daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, su kuma wayoyin yanzu dogaye ne sirara, tsawo ne ya ba su lambar. Tab mai inci 8 da wani abu faɗi gare ta, in ka kwantar da waya a kanta za ka ga filin ya kusa ninki biyu. Ga mai kallon hoto ba wani abu ba ne amma ga mai jera suna, ƙauye, buhu nawa, kilo nawa, an biya, saura, a waya sai ya riƙa ja gefe yana mance layin da yake. Nauyi dai kam ta fi, ta haura giram 300 ita waya kuma wajen 200, aljihun gefe na kaftani zai ɗauka amma na 'yar shara zai ja wuya.

Auwalu Ɗambatta:

Yaya Sani dan girman Allah ka kiyayi masu arha ɗin nan da ake tallarsu a Facebook da status, ni ganau ne. Bara na sayar da tumaki biyu ranar Lahadi a kasuwarmu na sayi wata a hannun wani mai yawo da su a jaka, kwalin ya sha rubutu wai ram 8 memori 256 har da 5G, ga kyautar abin kunne da biro da riga, na ce na tsinci dami a kala. Sati biyu ta fara cewa wuri ya cika alhali hoto bai fi ɗari ba a ciki, na kai wa mai gyara ya sa wata manhaja ya duba ashe ram ɗin 1 ne memorin 16, rubutun cikin settin ɗin ma gyara shi suka yi ya riƙa nuna ƙarya, Android ɗin kuma tsohon yayi ne manhajar bankina ta ƙi hawa sam. Na nemi mutumin lambarsa a kashe har yau. Ba sunan kamfani a jikinta ba risit ba garanti, gilashin da ya fashe kuwa an zaga an rasa irinsa. Yanzu ƙannena ne ke kallon katun da ita. Har yau in na tuna tumakin nan raina ɓaci yake don na sallah nake kiwo.

In zaka saya ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko ta Beirut a Kano da kanka, shago mai rumfa wanda gobe in ka dawo zaka same shi, a rubuta maka risit da lambar IMEI a jiki. Kuma ka tambaya ko ana samun gilashinta kafin ka biya, don a mashin kake, faɗuwa ɗaya ce. Akwai kuma Amazon Fire da ake kawowa na hannu da arha, suna da kyau don karatu amma ba layi kuma ba sa zuwa da Play Store, ba naka bane.

Direban Maigatari:

Malam Sani ni hanyar nan nake bi duk sati da lodin dabbobi, abu ɗaya zan ƙara da ba wanda ya faɗa. Maigatari bakin iyaka ce, in ka matsa ta arewacin kasuwa wani lokaci waya da kanta take tsallakawa ta kama sabis ɗin Nijar, in ba ka lura ba kuɗinka ya tafi ko kuma data ta tsaya cak kana tsammanin sabis ne babu. Ka shiga settin ka kashe romin, wato amfani da sabis ɗin wata ƙasa, sannan ka zaɓi layinka da hannu kar ka bar shi yana zaɓa da kansa. Kowace ka saya tab ko waya haka zaka mata.

Kuma layi ɗaya ba ya isa a ƙasar nan tamu, wani ƙauyen wannan ke kamawa wani ƙauyen wancan, ka tambayi masu POS na kowace kasuwa wane layi suke sawa a injinsu, su suka fi kowa sani don da shi suke ci. Data kuma tun da aka yi ƙarin kuɗin kira da data a farkon 2025 sai da lissafi, babban gilashi yana jan mutum ga kallo, ka kashe saukar bidiyo da kansa a WhatsApp in ba haka ba guruf ɗin 'yan kasuwa kaɗai sai ya shanye maka giga a kwana biyu. *323# na nuna maka abin da ya rage.

Maman Ilham:

Na manta ban faɗa ba, lissafin ka yi shi a manhajar lissafi ta Google Sheets ko Excel, ana iya saita shi ya yi aiki ba data, in ka shigo inda sabis yake sai ya tura da kansa ya ajiye a imel ɗinka, ko tab ta faɗi ko an sace lissafin na nan. Har maigidan naka zaka iya ba shi dama ya riƙa gani daga Dawanau ba sai ka karanto masa a waya ba. Ka samu wani ɗan makaranta ya zana maka layukan sau ɗaya ya sa ya riƙa tara jimla da kansa, yini ɗaya ka iya. Amma lambar sirrin imel ɗin ka rubuta ka ba uwargida ta ajiye, mutane da yawa a nan suke asara.

Sani Mai Riɗi:

Kai jama'a nagode ƙwarai wlh ban zaci zan samu bayani haka ba, Allah ya biya kowa. Baba Malam Garba na ji shawararka kuma littafi na riga na sayi sabo tun jiya, zan riƙa kwafa kamar yadda ka ce. Amma na auna na ga lissafin ne ya fi damuna, shi ne ya hana ni barci satin nan, don haka zuciyata ta fi kwanciya da tab mai layi, in bar tsohuwar wayar in canza mata batir don kira da ɗaukar hoto tunda kyamararta har yanzu da sauranta, layin banki kuma in mayar da shi cikin tab ɗin in bar ɗayan a waya, kenan ina da layi biyu kamar yadda direba ya ce. Auwalu Allah ya mayar maka da alheri, ka tsare ni don wallahi irin wadda ka faɗa wani ya nuna min a waya har na fara sha'awa.

Na yi magana da maigida ya ce in kuɗin bai kai ba zai cika min a cire a la'adata a hankali. Ranar Asabar in sha Allah zan bi motar kaya in shigo Kano, in na sauke a Dawanau sai in wuce kasuwar. Malam Habu in ba damuwa zan maka magana ta akwatin sirri ka raka ni ko ka duba min kafin in biya, don waɗannan lambobin band ɗin ban san inda ake ganinsu ba. Kuma tambaya ɗaya ta ƙarshe, wajen mai cajin garinmu janareto ne wutar na hawa tana sauka, in ba shi fawa bank ɗin ya caja ni kuma in caja tab daga jikinsa a gida, ko ba bambanci?

Habu Mai Gyara:

Haka zaka yi Malam Sani, ka ba shi fawa bank ɗin da kan caja mai kyau naka na kanka, in wuta ta yi ɓarna gara ta tsaya a kansu. Tab ɗin kuma ba ta kwana a hannun kowa da lissafin mutane da manhajar banki a ciki. Ka turo saƙon, Asabar ina shago daga ƙarfe goma, ka zo da layukan naka duka biyu da katin NIN ko da za a buƙaci canza sim zuwa ƙarami.